Awon Barira

Ni mai awo ne tun ina yaro.
A kasuwar Aliero, ko ido na rufe,
in na ɗaga buhu na san abin da ya ɗauka.
Amma ran da aka ɗora ki a sikeli
a asibitin Birnin Kebbi,
allurar ta ɗan motsa, ta tsaya kamar mai jin nauyin magana.
Kilo ɗaya da 'yan kai.
Manyan albasa biyar sun rinjaye ki, Barira.

Wata bakwai bai cika ba kika sauka.
Kwana arba'in da ɗaya a kwalba,
siririn tiyo a hanci, hula ta haɗiye kai.
Ran suna wasu suka ce in jinkirta ragon.
Na gane nufinsu. Na yanka.
Ta bayan gilashi na raɗa miki sunan.

Nas Ladi 'yar Zuru ta ce in tuɓe riga.
Ta kwantar da ke a ƙirjina, fata da fata,
ta ɗaure mu da zanen Kulu,
ga ƙato da goyon gaba.
Numfashinki ya kan ɗauke, in kama ƙirga,
ɗaya, biyu, uku, huɗu,
sai ya dawo kamar wanda aka aika ya tsaya wasa.

Ɗan gidan Muɗi wata ɗaya kuke.
Ya zauna, ya rarrafa, ya tashi yana korar awaki,
ke ko wuya bai tsaya ba.
Likita ya ce in cire watannin da kika ci bashi.
Na cire.
Lissafin bai cike ba.

Garinmu garin ɗori ne,
har daga hayin iyaka ake kawo karaya.
Na kai ki wurin tsoho Namaiwa.
Ya daɗe yana shafa ƙafafun nan masu sarƙewa kamar almakashi,
sannan ya ce: "Da karyewa ta yi, da na ɗora.
Ƙashinta lafiya lau. Jijiya ce ta ɗaure,
kuma daga kai saƙon yake. Koma Birni."
Ko goro bai karɓa ba.
Na shige rumfar albasa na zauna har magariba,
wanda ya ga idona ya ɗora wa albasa laifi.

Tun daga nan, duk Talata sai gashi.
Mota ta Jega, buhu biyu duk wata.
Kulu ta koyi miƙar da ƙafa, tana yi tana ba ki haƙuri.
Kafinta ya haɗa miki abin tsayuwa da katako.
Tabarau mai kauri, an ɗaure shi da roba ta ƙeya,
ran da aka sa miki, kika ƙura wa kaza ido
kika yi dariya har da shaƙuwa.

Shekara uku muna jiran kalma.
Na sa rai da Baba, Kulu ta sa rai da Inna.
Aka miƙo koko, kika kau da kai
kika ce: "A'a."
Kulu ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Ko za ki taka da kanki, ban sani ba.
Likitan ma bai ce ya sani ba.
Hannun hagu har yau a dunƙule yake,
na dama kuwa ya iya tsince ruɓaɓɓiya daga tari,
ki shinshina, ki yamutsa fuska, ki jefi agwagwa.

Yau da asuba na saɓa ki zuwa tasha,
kafin mu kai bakin titi bayana ya amsa.
Na sauya kafaɗa.
Kin yi nauyi, ɗiyata.
Ban faɗa wa kowa ba, saboda baki.